Sababbin Littattafai: Wanne Za A Saya, Wanne Za A Gaskata?

An gama ajin yaƙi da jahilci. An ci jarrabawa, an karɓi takardar shaida. To, sai me kuma? Wannan tambaya tana gaban kowane namiji da kowace mace da suka koyi karatu da rubutu da girmansu, a Dandin Mahe da ƙauyukan da ke kewaye da ita, cikin ƙasar Shagari da ta Boɗinga.

Malaman ajin manya sun daɗe da sanin wata matsala. Mutum yakan bar aji yana karatu sarai. Idan ya yi shekara biyu bai buɗe takarda ba, sai baƙaƙen su fara ɓace masa. Ranar da aka kawo masa wasiƙa, ko takardar asibiti, ko takardar cinikin gona, sai ya koma neman wanda zai karanta masa. Asirinsa ya sake komawa hannun wani ke nan. Karatu kamar hauya yake. Wadda ake shiga gona da ita kullum tana ƙyalli, wadda aka jingine a bayan rumbu kuwa tsatsa ke cinye ta.

Maganin wannan matsala shi ne a riƙa karanta littafi. Littattafai kuwa ba su daina fitowa ba, kowace shekara ana buga sababbi. Sai dai kuɗi ba su da yawa a hannun manomi, takarda kuma ta yi tsada. Saboda haka ya kamata mai karatu ya san abu biyu kafin ya sa hannu a aljihu. Na farko, wane irin littafi ne wannan? Na biyu, har ina za a gaskata abin da ke cikinsa?

ƘASAR NAN BA BAƘUWAR LITTAFI BA CE

Kada kowa ya ɗauka rubuta littafi aikin mutanen birni ne kawai. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a Sifawa, cikin ƙasar Boɗinga, kafin ya koma Sakkwato a 1815. Yana karantarwa a can, yana kuma rubuta littattafai. Ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna a Boɗinga kanta. A 1813 ya rubuta Tazyinul Waraƙati, inda ya tara waƙoƙinsa ya kuma ba da labarin abin da ya gani da idonsa a lokacin jihadi. A 1812 Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri, wanda har yau masu tarihi ba su da abin da ya fi shi a kan farkon daular Sakkwato.

Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta rubuta waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci. Ta naɗa mata da ake kira jaji, suna bin ƙauyuka suna koya wa 'yan uwansu mata addini da waƙoƙin nan. Ɗalibansu su ne 'Yan Taru. Wato ilimin manya a karkara ba yau aka fara shi a ƙasar Sakkwato ba.

Marigayi Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a garin Shagari a 1925, malamin makaranta ne kuma marubuci tun kafin ya shiga siyasa. A zamanin mulkinsa ne, a 1982, aka ƙaddamar da gangamin koya wa manya karatu a duk faɗin Nijeriya. Mai karatu na Dandin Mahe gado ya tarar, ba aro ya yi ba.

Littattafan da ake bugawa sun kasu gida-gida. Manya daga cikinsu guda huɗu ne: ƙagaggen labari, da tarihin rayuwa, da rubutacciyar waƙa, da littafin ilimi. Akwai kuma wasan kwaikwayo, wanda ake rubutawa don a tashi a yi shi a gaban jama'a. Ga bayanin huɗun nan ɗaya bayan ɗaya.

NA ƊAYA: ƘAGAGGEN LABARI

Ƙagaggen labari shi ne wanda marubuci ya shirya daga kansa. Mutanen da ke ciki ba a taɓa haihuwarsu ba. Ɗan uwan tatsuniya ne, sai dai ya fi ta tsawo, kuma sau da yawa yana kama da zaman duniya na yau. Ba a kiransa ƙarya, domin marubuci da mai karatu duka sun san shiri ne. Amfaninsa shi ne ya nuna wa mutum halin mutane, ya sa shi nishaɗi, ya kuma sa idonsa ya saba da dogon karatu.

An fara buga irin wannan da Hausar boko bayan gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933. Daga gasar nan aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, mace ta farko da aka buga wa ƙagaggen labari da Hausa. Bayan haka sai matasan Kano suka shiga buga nasu da kuɗinsu, suna kai wa kasuwa. Su ne ake kira littattafan soyayya, ko da yake ba soyayya kaɗai ke cikinsu ba.

Biyu daga cikin marubutan Kano sun cancanci kowane ɗan ajin manya ya san su. Ado Ahmad Gidan Dabino, mai littafin In Da So Da Ƙauna na 1991, a ajin manya na yamma ya koyi boko. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu kuwa tana ƙarama aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure, sai daga baya ta koma karatu. Littafinta Wa Zai Auri Jahila? labarin wata yarinya ne da aka raba da makaranta, ta sha wuya, ta koma ta yi ilimi. Wani littafin nata da ya fito a 1990, a kan magidancin da ya wulaƙanta uwargidansa da 'ya'yansa, an juya shi zuwa Turanci an buga a ƙasar Indiya a 2012. Daga benci irin na ajin manya suka tashi.

A 'yan shekarun nan mata sun ƙara yawa a fagen. A 2016 Sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar gajerun labarai ta mata mai suna Hikayata. Aisha Muhammad Sabitu ce ta fara cinye ta da labarin Sansani, a kan mutanen da rikici ya raba da gidajensu. A 2020 wata 'yar Sakkwato, Maryam Umar, ta zo ta ɗaya da labarin Rai Da Cuta, a kan magidancin da ya ƙi yarda akwai cutar korona har ya jawo wa gidansa asara. A 2022 Amira Souley daga Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar ta yi nasara da labarin Garar Biki. Ana karanta labaran da suka yi fice a rediyo. Gajeru ne, kuma irinsu ne suka fi dacewa da wanda bai daɗe da fara karatu ba.

Akwai 'yan Arewa da ke rubutu da Turanci. A 2015 Abubakar Adam Ibrahim, ɗan Jos, ya fitar da Season of Crimson Blossoms, wanda a 2016 ya ci babbar kyautar adabi ta Nijeriya, dala 100,000. A 2023 ya sake fitar da wani mai suna When We Were Fireflies. A 2015 ɗin dai Elnathan John ya fitar da Born on a Tuesday, labarin wani almajiri mai suna Ɗantala wanda rayuwa ta kai shi Sakkwato. Waɗannan labaran manya ne, akwai maganganu masu nauyi a cikinsu, ba a miƙa wa ƙaramin yaro.

Abin lura a nan shi ne, kada a ɗauki ƙagaggen labari a matsayin shaida. Idan marubuci ya ce a gari kaza an yi kaza, ko da sunan garin na gaske ne, abin da ya faru a littafin shiri ne. Kada kuma a koyi magani ko hukuncin shari'a daga bakin mutanen cikin labari. A ɗauki darasin, a bar sauran.

NA BIYU: TARIHIN RAYUWA

Wannan shi ne littafin da mutum ya ba da labarin kansa: inda aka haife shi, wanda ya karantar da shi, aikin da ya yi, da abin da ya gani. Wani lokaci kuma wani ne ke rubuta tarihin wani. Mutanen ciki na gaske ne, wurare da shekaru ma na gaske ne.

Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, ya fitar da nasa a 1962, ya fara daga ƙuruciyarsa a Raba. Shehi Abubakar Mahmud Gumi ya fitar da nasa a 1992, shekarar da ya rasu. Abubakar Imam ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi a kan tafiyar da ya yi zuwa Ingila a 1943. Alhaji Shehu Shagari ya fitar da nasa da Turanci a 2001, mai suna Beckoned to Serve, wato an kira shi ya yi wa jama'a aiki. A ciki ya ba da labarin tashinsa a Shagari, da karatunsa, da koyarwarsa, da shugabancin ƙasa daga 1979, har zuwa ranar 31 ga Disamba 1983 da soja suka kifar da gwamnatinsa. Ya rasu a watan Disamba na 2018.

Cikin sababbin da suka fi jawo magana akwai na Janar Ibrahim Badamasi Babangida, wanda aka ƙaddamar a Abuja a watan Fabrairu na 2025, mai suna A Journey in Service. A cikinsa ya yarda cewa Cif Moshood Abiola ne ya ci zaɓen 12 ga Yuni 1993, zaɓen da gwamnatinsa ta soke. Sai da aka yi shekara fiye da talatin kafin wannan magana ta fito a rubuce daga hannunsa.

Littafin Shagari da na Babangida suna koya wa mai karatu wani babban darasi. Duka biyun sun taɓo juyin mulkin 1983. Ɗaya shi aka kifar, ɗaya kuma yana cikin manyan sojan da suka karɓi mulki. Kowa ya faɗi abin daga inda yake tsaye. Hausawa sun ce kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Haka nan kowa ya rubuta tarihin kansa ya san abin da yake son a tuna shi da shi, ya san kuma abin da ya tsallake. Ba lalle ya yi ƙarya ba, amma ba ya faɗin duka.

Saboda haka a karanta tarihin rayuwa kamar yadda hakimi ke sauraren ƙarar iyakar gona. Yakan ji bakin mai ƙara, ya ji bakin wanda ake ƙara, ya kira dattawan da suka san wurin, sannan ya yanke. Mai karatu ya tambayi kansa: wa ya rubuta wannan? Me ya haɗa shi da maganar? Akwai wani da ya ba da labarin ta wata fuska?

NA UKU: RUBUTACCIYAR WAƘA

Rubutacciyar waƙa magana ce da aka auna aka tsara. Ana shirya ta baiti-baiti. Kowane layi a cikin baiti sunansa ɗango. Ƙarshen ɗangogi yakan zo da sauti iri ɗaya, shi ake kira amsa-amo ko ƙafiya. Ba ta buƙatar kiɗa, murya ta ishe ta. Ita ce mafi tsufa cikin rubutun Hausa, domin tun kafin zuwan boko malamai ke rubuta ta da ajami.

Waƙa tana ɗauke da wa'azi, da tarihi, da siyasa, da ilimi. Aliyu Namangi na Zariya, makaho ne, ya yi Imfiraji wadda almajirai ke rerawa a ko'ina. Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja sun yi waƙoƙin farkar da jama'a kafin samun mulkin kai. Aƙilu Aliyu, wanda aka haifa a Jega, yana da littafin Fasaha Aƙiliya. Shehu Shagari ya rubuta Waƙar Nijeriya tun yana malamin makaranta, don yara su san garuruwa da tarihin ƙasarsu ba tare da wahalar hadda ba. A 1997 aka tara rubuce-rubucen Nana Asma'u cikin babban littafi guda, aikin Jean Boyd, wadda ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato, da Beverly Mack.

Waƙoƙin makaɗa ma sun shiga takarda. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ta Kano ya rubuta Makaɗa Da Mawaƙan Hausa, ya kuma tara waƙoƙin baka cikin jerin littattafai mai suna Diwanin Waƙoƙin Baka. Irin wannan yana da sauƙi ga sabon mai karatu. Kunnensa ya riga ya san waƙar, sai idonsa ya bi baƙaƙen. Inda ya kakare, kunne ya fid da shi.

Matasa ma suna yi. A 2021 Saddiq Dzukogi, ɗan Minna, ya fitar da littafin waƙoƙi da Turanci mai suna Your Crib, My Qibla. Dukan littafin makoki ne na ƙaramar 'yarsa da ta rasu. Duk wanda ya taɓa binne ɗa ya san abin da ya sa uba zai zauna ya yi irin wannan rubutu.

Ba a karanta waƙa da gaggawa. A ɗaga murya, a rera baiti ɗaya sau biyu ko sau uku. Idan an haɗu da kalmar Larabci ko tsohuwar Hausa, a tambayi malami. A tuna kuma mawaƙi yakan kambama abu. Idan ya kira wani giwa ko zaki, yabo ne yake yi.

NA HUƊU: LITTAFIN ILIMI

Wannan shi ne littafin da ke bayanin abu yadda yake: addini, tarihi, noma, kiwo, lafiya, lissafi, sana'a, harshe. A nan ne mai karatu ke da haƙƙin ya nemi gaskiya tsantsa, domin da abin da ya karanta zai yi aiki.

Cikin na da akwai Ikon Allah na Rupert East da Abubakar Imam, mai bayanin halittu da yadda duniya ke tafiya. Akwai Tarihin Fulani na Wazirin Sakkwato Junaidu, wanda ya rasu a 1997. Gidan adana tarihi da ke Sakkwato sunansa yake ɗauke da shi. Akwai tarjamar ma'anonin Alƙur'ani mai girma zuwa Hausa ta Shehi Abubakar Gumi. Akwai littafin Murray Last na 1967 a kan daular Sakkwato, wanda malaman jami'a suka juya zuwa Hausa da sunan Daular Sakkwato.

Cikin na baya-bayan nan akwai ƙamus guda biyu. Ƙamus shi ne littafin da ke jera kalmomi bisa tsarin a, ba, ca, da, yana faɗin ma'anar kowace. A 2006 Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa, wanda ke bayanin kalmar Hausa da Hausa. A 2020 maɗaba'ar jami'ar ta buga wani na Paul Newman da Roxana Ma Newman, daga Hausa zuwa Turanci, daga Turanci zuwa Hausa. Ajin da ya mallaki ƙamus ya huta da gardama a kan yadda ake rubuta kalma.

Ga manoma kuma akwai ƙananan takardun bayani da masana aikin gona na Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ke shiryawa a kan iri da taki da maganin ƙwari da ajiyar amfanin gona. A tambayi malamin gona ko yana da na Hausa.

A wannan gida shekarar bugu tana da muhimmanci ƙwarai. Littafin tarihi ko na nahawu yana iya tsufa bai lalace ba. Amma littafin magani da na feshin gona suna tsufa kamar yadda iri ke tsufa. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake bayarwa shekara talatin da suka wuce ba shi asibiti ke bayarwa yau ba, domin ƙwayar cutar ta saba da shi. Wasu magungunan ƙwari da aka yaba a da, yanzu hukuma ta hana amfani da su. Duk abin da ya shafi jiki ko abinci, a kai wa ma'aikacin lafiya ko malamin gona ya duba kafin a aikata. Haka nan littafin addini, a karanta shi a gaban malamin da aka amince da shi.

YADDA AKE DUBA LITTAFI KAFIN A SAYA

Ba wanda ke sayen akuya bai duba haƙoranta ba. Ga abin da za a duba a littafi.

1. Bango. A karanta sunan littafi da sunan marubuci. Littafin ilimi da ba sunan kowa a kansa abin tsoro ne, domin ba wanda za a kama idan an sami kuskure.

2. Bayan shafin farko. A nan ake sa shekarar bugu da sunan maɗaba'a da garin da aka buga.

3. Bayan littafi. Sau da yawa akwai taƙaitaccen bayanin abin da ke ciki. Daga nan ake gane ko labari ne ko ilimi.

4. Shafuka. A bi lambobinsu a tabbata ba wanda ya ɓace ko ya juye. A duba ko tawada ta fito sosai.

5. Gwaji. A buɗe tsakiya a karanta shafi ɗaya. Idan kalmomin da suka gagara sun fi yatsun hannu ɗaya, a ajiye shi sai gaba, a nemi mai sauƙi. Ba abin kunya ba ne. Da rarrafe yaro kan tashi.

6. Kashi nawa ne? Yawancin littattafan Kano kashi-kashi ake fitar da su, na ɗaya, na biyu, na uku. A tambaya tun farko, kada kuɗi su ƙare labari bai ƙare ba.

A guji jabun bugu, wato littafin da wani ya kwafa ya buga ba da izinin mai shi ba. Yakan fi araha, amma takardarsa ba ta da ƙarko, marubucin kuma ba ya samun ko kwabo. Dokar ƙasa ta hana, kuma cin gumin wani ne.

LITTAFI A CIKIN WAYA

Yau marubutan Hausa da yawa ba sa kai labarinsu maɗaba'a. A waya suke sakinsa shafi-shafi, ta WhatsApp da Facebook da Wattpad. Wasu kuma ana karanta nasu da murya a rediyo ko a YouTube. Wannan ya kawo sauƙi, domin labari yana isa ƙauye ba tare da kuɗin mota ba.

Amma akwai abin kiyayewa. Rubutun waya sau da yawa ba wanda ya tace shi. Ana haɗe kalmomin da ya kamata a raba, ana zubar da ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ. Wanda ya saba da shi tun hannunsa bai nuna ba, rubutunsa zai karkace. Akwai kuma na batsa, da na ƙarya da ake yaɗawa da sunan magani ko addini. Iyaye su san abin da 'ya'yansu ke karantawa. Saurare kuma daban yake da karatu. Wanda ya ji labari a rediyo ya ƙaru, amma idonsa bai yi aiki ba.

YADDA AJI ZAI MALLAKI LITTATTAFAI

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan mutum goma suka yi karo-karo bayan kaka, kowa ya ba da kuɗin littafi ɗaya, kowannensu zai karanta littafi goma da kuɗin guda. A wakilta mutum biyu masu zuwa Sakkwato su sayo, da takardar sunayen da aji ya zaɓa. A raba kuɗin yadda kowane gida cikin huɗun nan zai samu, kada a kwashe duka a labari. Ajin mata su yi nasu, ko a ware musu ranar aro, domin mace mai karatu ita ce malamar farko a gidanta.

A sami akwatin ƙarfe, a ɗora shi a kan dutse ko benci saboda gara da laima. A naɗe bangon kowane littafi da takarda mai kauri. A zaɓi mutum ɗaya mai amana ya riƙe littafin rajista: sunan mai aro, sunan littafi, ranar ɗauka, ranar mayarwa. Rubuta rajistar ma wani karatu ne.

A sa lokaci. Shafi biyu bayan la'asar kullum sun fi shafi hamsin rana ɗaya a wata. Da rani, lokacin da aikin gona ya yi sauƙi, a riƙa haɗuwa sau ɗaya a mako, ɗaya ya karanta da ƙarfi, saura su saurara, a tattauna. Ranar 8 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da jahilci ta duniya. Rana ce mai kyau da aji zai ƙirga littattafan da ya karanta a shekara.

Daga ƙarshe, mai karatu ya sayi littafin rubutu guda na kansa. A Dandin Mahe akwai tsofaffi da suka ga zamanin En'e, suka ga yunwa da fari na shekarun 1973 da 1974, suka san asalin kowace unguwa da kowace rijiya. Idan suka tafi ba a rubuta ba, labarin ya tafi da su. A zauna da su, a tambaye su, a rubuta ko da layi biyar ne a rana, a sa kwanan wata. Allah ya ba da ikon yi, ya sa albarka a karatun, amin.

TAMBAYOYI DON AJI

1. Faɗi manyan ire-iren littattafai guda huɗu.
2. Me ya sa ba a ɗaukar ƙagaggen labari a matsayin shaida?
3. A wace shekara Alhaji Shehu Shagari ya fitar da tarihin rayuwarsa?
4. Me ya sa ake duba shekarar bugu a littafin magani?
5. Rubuta layi biyar a kan abin da wani tsoho ya faɗa maka game da garinku.